Daga SS3 Muka Fara Gyara, Ashe a JSS1 Ɓarakar Take: Nazarin Sakamakon Wata Ƙaramar Sakandare, 2018 zuwa 2025

Makarantar da garinta

Makarantar jeka-ka-dawo ce ta gwamnati, maza da mata, a wani garin manoma da ke Arewa maso Yammacin Najeriya. Mutanen gari ne suka fara ɗora ta da aikin gayya, daga baya gwamnatin jiha ta karɓa ta ƙara gini. Ɗalibanta daga JSS1 har SS3 ba su taɓa cika 300 ba. Kowane mataki aji ɗaya ne, ajin ƙarshe kuma yakan tsaya a wajen mutum 40. Malaman dindindin ba su kai 10 ba, sauran giɓin 'yan bautar ƙasa ne ke cikewa, su yi shekara guda su tafi. Babu wutar lantarki. Ɗakin gwaje-gwajen kimiyya kuwa suna ne kawai a jikin ƙofa, a ciki karyayyun kujeru ake tarawa.

Ni ne jami'in jarrabawa na makarantar a duk waɗannan shekaru, littafin sakamako a hannuna yake. Ganau ne ni, kuma da hannuna a cikin kuskuren da za a karanta a nan.

Ma'aunin da muka riƙe shi ne wanda kowa ya sani: ɗalibi ya samu kiredit 5 a jarrabawar WAEC, har da Turanci da Lissafi. Kiredit yana farawa daga C6, wato maki 50 cikin 100. A wancan lokaci, wanda bai haɗa wannan ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi ko da ya ci JAMB.

2018: shekarar da aka kasa ɓoyewa

A 2018, kashi 49.98 cikin 100 na masu zana WAEC a faɗin ƙasar ne suka haɗa kiredit 5 da Turanci da Lissafi. A makarantarmu, waɗanda suka haɗa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. F9 ta yi layi a Turanci tun daga saman takarda har ƙasa, Lissafi ma bai fi haka ba. Darasi ɗaya ne ya fita daban, shi ne Hausa, inda mafi yawansu suka samu kiredit. A lokacin babu wanda ya tsaya a kan wannan. Muka ce ai yarensu ne, muka wuce.

An kira taron iyaye da malamai. Iyaye suka ce malamai ba sa koyarwa, malamai suka ce yara ba sa karatu, aka tashi kowa na ganin laifin ɗan'uwansa.

2018 zuwa 2019: lesin da tsofaffin tambayoyi

Abin da kowace makaranta ke fara yi muka yi. Aka sa wa 'yan SS3 lesin daga ƙarfe 2 zuwa 4 na yamma, Litinin zuwa Alhamis, kowane uba ya ba da ɗan abin da za a sallami malamai. Aka sayo littattafan tsofaffin tambayoyin jarrabawa, malami ya rubuta tambaya a allo, ya rubuta amsa, yara su kwafa su haddace. Mai makara da mai fashi kuma bulala.

Yaran sun yi haddar, domin yaron da ya taso a makarantar allo da Islamiyya ba a koya masa hadda. Akwai waɗanda suka haddace wasiƙa guda cur ta Turanci, daga adireshi har sa hannu, da fatan za ta fito. Amma yunwa ta ci lesin ɗin. Yaron da ya fito gida tun ƙarfe 7 da ɗan koko a ciki, ƙarfe 3 na rana gyangyaɗi yake yi. Kafin ƙarshen zango na biyu rabin ajin sun daina tsayawa.

Sakamakon 2019 ya fito, na ƙasa ya hau zuwa kashi 64.18. Namu ya ƙaru da mutum ɗaya ko biyu, abin da bai fi bambancin da ake samu tsakanin wannan aji da wancan ba.

2019 zuwa 2020: tacewa, sannan korona

Dabara ta biyu ita ce tacewa. A jihohi da dama na Arewa ana yi wa 'yan SS2 jarrabawar tantancewa, wadda kowa ke kira kwalifayin, wanda ya ci gwamnati ta biya masa kuɗin jarrabawar ƙarshe. Mu sai muka ƙara da tamu a cikin gida: wanda muka ga ba zai kai labari ba, mu ba uban shawara ya bar shi ya maimaita aji. Lissafinmu shi ne idan masu zanawa suka ragu, kason masu ci zai hau. Iyaye ba su yarda da maimaici ba. Masu hali suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi na cikin birni da aka sani da cewa ba a faɗuwa a cikinsu, marasa hali kuma suka zaunar da nasu. 'Yan mata uku a wannan aji aure aka yi musu kafin shekara ta zagayo.

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona. An yi ta darussa a rediyo, amma damina na faɗuwa yaranmu suka koma gona. Wani ɗan bautar ƙasa ya buɗe zauren WhatsApp don tura darasi, sai ya tarar waɗanda ke da babbar waya a gidajensu ba su kai 10 ba. A tsakiyar shekarar ne kuma wa'adin rukunin farko na malaman N-Power ya ƙare, cikinsu har da wanda ke riƙe mana da Lissafi. 'Yan ajin ƙarshe sun dawo ranar 4 ga Agusta, jarrabawa ta fara ranar 17 ga Agusta. Kwana 13 ke nan na shiri bayan wata huɗu da ɗoriya a gida. Na ƙasa ya tashi kashi 65.24, namu ya koma inda yake a 2018.

2021: shekarar da muka kau da kai

Wannan ne sashen da ya fi mini nauyin rubutawa. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, da na Kagara da na Jangebe a Fabrairun 2021, jihohi da dama suka rufe makarantu. Tamu ba ta kwana ba ce, duk da haka ta yi makonni a kulle, kuma ko da aka buɗe wasu iyayen na ƙauyukan kewaye ba su sake barin 'ya'yansu su bi hanyar daji ba. Lokacin jarrabawa ya zo, yara ba su ga ko rabin manhaja ba.

Sai aka fara maganar "taimako". Babu wanda ya kira abin da sunansa na satar amsa. Cewa ake yi yaran nan ba laifinsu ba ne, shekara biyu ba su yi karatu ba, a tausaya musu. Wasu iyaye suka haɗa kuɗi, wasu malamai suka amsa tambayoyi a bayan aji, takardu suka riƙa shiga ta taga. Ban rubuta amsa ko ɗaya ba, amma na sani, na yi shiru, kuma shirun jami'in jarrabawa izini ne.

A watan Nuwamba sakamako ya fito. Na ƙasa kashi 81.7, namu ya haura kashi biyu cikin uku. Aka yi ta mana barka a kasuwa da masallaci.

Bayan mako biyu wani yaro daga cikinsu ya same ni a gida da fom ɗin neman shiga kwalejin ilimi. B3 gare shi a Turanci. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo fom ɗin da biro, ya ce, "Malam, don Allah a cike min." Na ce ya zauna ya cike ina dubawa. Ya rubuta sunansa, ya tsaya a layi na biyu, inda ake tambayar ranar haihuwa da wurin haihuwa, ya daɗe yana kallon takardar. Daga ƙarshe ya ɗago ya ce, "Malam, nan me suke so?" Washegari na kai wa shugaban makaranta labarin. Bai ce komai ba sai da ya gama jin duka, sannan ya ce idan aka dawo hutu yana so a gwada masa karatun kowane yaro, ɗaya bayan ɗaya.

Janairu 2022: gwaji a gindin darbejiya

Wata malamarmu ta taɓa halartar bita a kan tsarin koyar da yaro daidai matakin da yake, wanda ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta fara, kuma aka gwada a wasu jihohin Arewa. Ita ta tsara mana gwajin. Takarda ce guda mai hawa huɗu: haruffa, kalmomi, ɗan sakin layi, sai gajeren labari da tambaya biyu a ƙarshensa. Ɗaya da Hausa, ɗaya da Turanci, kuma duka ba su wuce matakin ajin firamare na biyu ko na uku ba. Na lissafi kuma gane lambobi ne, da ɗebewa mai aro, da rabawa. Muka ajiye benci a gindin darbejiyar da ke bakin ofis, yaro ya zo shi kaɗai, minti 5 ya tashi. Kwana 6 muka yi.

Akwai wata yarinya 'yar SS1 da duk malamai ke misali da ita saboda kyawun rubutu. Littafinta na Bayoloji babu shafin da ya yi giɓi, kowane kan magana an ja masa layi da jan biro. Na miƙa mata labarin Turanci. Ta ɗora yatsa a kan kalmar farko, leɓenta na motsi, murya ba ta fita. Can ta ce, "Malam, karanta min farkon, zan ƙarasa." Ta ɗauka wani abu ne da aka taɓa ba su hadda. Na buɗe littafinta na nuna mata jimlar da ita da kanta ta rubuta jiya, ba ta iya karanta ta ba. Shekara tara tana zana haruffa daga allo zuwa takarda kamar mai zanen lalle. Na ce, "Ba komai, 'yata, je ki aji." Da ta juya na ga tana share ido da gefen hijabi.

Da aka tattara, a JSS1 fiye da rabi ba su wuce hawan kalmomi ba ko da Hausa. A SS1, wajen ɗaya cikin uku ne kawai suka karanta labarin Turanci suka amsa tambayoyinsa. Rabawa kuwa, ko a SS3 masu iya ta ba su kai rabi ba. Waɗannan yara muke tsayarwa da yamma muna yi musu lissafin kusurwoyi, muna jiran su rubuta insha'i mai kalma 450 kamar yadda takardar Turanci ke nema.

2022 zuwa 2023: abin da aka canza

Shugaban makaranta ya yanke abu biyu a rana ɗaya: babu sauran taimako a ɗakin jarrabawa, kuma darasin farko na kowace safiya, minti 40, an ba karatu da lissafin tushe daga JSS1 zuwa SS1. A wannan lokaci ba a zama aji-aji, ana zama ne bisa hawan da yaro ya tsaya a gwaji, kuma duk malami, ko na Tarihi ne ko na Noma, yana da rukuninsa. Ƙarshen kowane zango a sake gwaji, wanda ya haye ya matsa gaba.

Makon farko abin ya kusa rushewa. Samari 'yan SS1 masu shekara 17 suka ƙi zama benci ɗaya da ƙannensu na JSS1, wasu suka riƙa laɓewa a bayan katanga har sai darasin ya wuce. Dole aka raba manya daban, ƙanana daban, aka kuma daina kiran rukuni da sunan hawansa, aka ba su sunayen itatuwa: Kuka, Tsamiya, Ɗorawa, Gawo. Kowa ya san abin da Kuka ke nufi, amma babu wanda zai ce maka ɗan ajin haruffa.

Da Hausa aka fara, kuma a nan aka sha gardama. Wasu malamai suka ce jarrabawa da Turanci ake yi, ɓata lokaci ne. Malamar ta dage a kan cewa Hausar boko yadda ake faɗa haka ake rubutawa, yaron da ya san sautin harafi zai haɗa "ba" da "ki" ya ji kalmar da ya sani, daga nan ya gane cewa rubutu magana ce. Haka kuwa aka yi. Cikin zango ɗaya mafi yawan 'yan rukunin Kuka suka fara karanta jimla da Hausa. Turanci ya fi jan lokaci nesa ba kusa ba, domin a can yaro na fama da abu biyu, haɗa sauti da kuma sanin ma'ana. Malamai suka koma yin bayani da Hausa tukuna, sannan su ba da kalmomin darasin da Turanci, su sa yaro ya faɗa da bakinsa ya rubuta da hannunsa. Ranar Juma'a kowa ya rubuta 'yar wasiƙa, aka fara daga jimla biyar.

Kwafar rubutu daga allo ita ke cinye rabin kowane darasi, saboda babu littattafai. Tsofaffin ɗalibai da ke aiki a birni suka haɗa kuɗi suka sayo na Turanci da na Lissafi, littafi ɗaya ga mutum uku, ana ajiyewa a akwatin ƙarfe a ofis. Su ne kuma suka ɗauki nauyin alawus ɗin wani ɗan garin mai takardar NCE a Lissafi da ke zaune babu aiki. Wata gudummawar ta kwalaye biyu na littattafan ƙasar waje da wani ya aiko ba ta yi amfani ba, Turancin ya fi ƙarfin yaran, har yau suna nan a ɗaure.

Rajistar kiran suna ta nuna abin da kowa ya sani amma ba a taɓa ƙirgawa ba. Ranar kasuwar garin aji kan zama rabi, maza na dako da tura baro, mata na talla. Haka ma makonnin shuka da noman farko, da kuma lokacin girbi a zangon farko. Bulala ba ta taɓa gyara wannan ba. Aka je gaban dagaci tare da liman aka yi yarjejeniya: ranar kasuwa za a tashi ƙarfe 11, ba za a fara sabon darasi ba, amma kowane yaro sai ya zo na safe.

Sai ga sakamakon 2022, na farko da babu taimako. Na ƙasa kashi 76.36, namu ya dawo yatsun hannu ɗaya. Taron da aka yi a ƙofar gidan dagaci ya yi zafi. Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Malam, bara 'ya'yan wasu sun ci, bana namu sun faɗi. Me muka yi muku?" Shugaban makaranta ya juya wajen dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, na bara ba su ci ba, mu muka ci musu. Ina neman afuwa a kan wancan. Ku ba mu shekara biyu." Liman ya goyi bayansa, ya yi magana a kan ha'inci. Duk da haka wajen kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan SS2 aka cire aka kai wasu makarantu a wannan hutun.

A 2023 na ƙasa ya kai kashi 79.81, namu wajen ɗaya cikin biyar. Wannan aji bai shiga darasin safe ba, abin da ya samu shi ne malamin Lissafi da littattafai. A shekarar ne kuma aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Malaman da ke zuwa a babur daga hedikwatar ƙaramar hukuma suka koma zuwa kwana uku a mako, darasin safe ya fara samun giɓi. Wani attajirin garin ya ba da ɗakuna biyu a gidansa na haya kyauta, malamai uku suka riƙa kwana daga Litinin zuwa Alhamis. Ba don haka ba da shirin ya mutu a wannan zangon.

2024 da 2025: sakamako

'Yan SS1 da aka gwada a gindin darbejiya su ne suka zana a 2024. Na ƙasa ya sauka zuwa kashi 72.12, namu ya hau zuwa ɗan ƙasa da rabi, kuma babu takardar da ta shiga ta taga. F9 a Turanci ta ragu ƙwarai, da yawa daga waɗanda ba su kai ba D7 da E8 suka samu. Yarinyar nan mai jan biro ta samu C6 a Lissafi da D7 a Turanci, ba ta haɗa ba a zaman farko, ta cike da NECO.

A 2025 WAEC ta fara sanar da kashi 38.32 a farkon Agusta, bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure a wajen maki ta gyara zuwa kashi 62.96. Sakamakonmu na ƙarshe ya tsaya a wajen rabi. Shekara biyu a jere ke nan, aji biyu daban-daban.

Abin da na fahimta

Lesin da tsofaffin tambayoyi ba mugun abu ba ne, yaron da ya iya karatu suna yi masa amfani. Namu ba su iya ba, kuma shekara huɗu muka yi ba mu tambaya ba, alhali gwajin kwana 6 ne da takarda guda. Kiredit ɗin Hausa na 2018 ya riga ya gaya mana cewa ƙwaƙwalwar yaran lafiya take, inda suka fahimci tambaya suna amsawa. Tacewa kuwa kason makaranta take gyarawa, ta bar yaro inda yake ko ta tura shi gida. Taimakon 2021 shi ya fi kowanne ɓarna, domin ya sa iyaye sun ɗauka an warke, ya kuma sa sakamakon gaskiya na 2022 ya zama kamar zalunci a idonsu.

Ba zan ce darasin safe shi kaɗai ya kawo canjin ba. Ajin 2023 bai yi shi ba amma ya motsa, wanda ke nuna cewa tsayayyen malamin Lissafi da littafi a hannu suna da nasu kason. Cire yaran da aka yi a 2022 ma ya rage yawan aji, malami ya fi samun kai wa ga kowa. Kuma a ajin mutum 40, yara huɗu kaɗai kashi 10 ne cikin 100, don haka hawa ko saukar shekara guda ba abin dogaro ba ne. Abin da na fi yarda da shi shi ne gwajin ƙarshen zango, wanda ni nake yi da kaina, yaro na zaune a gabana yana karantawa ko yana kasawa.

Rabi har yanzu rabi ne, kuma muna ƙasa da na ƙasa. 'Yan mata na ci gaba da raguwa tsakanin SS1 da SS3. Alawus ɗin malamin Lissafi ya dogara ne da aljihun mutanen da su ma rayuwa ta yi wa tsada. A 2025 Ministan Ilimi ya ba da umarnin a mayar da WAEC da NECO kan kwamfuta, mu kuwa ko soket babu a makarantar. Sababbin 'yan JSS1 da muka gwada a zangon farko na bana, fiye da rabinsu a rukunin Kuka da Tsamiya suka faɗa, kamar dai na 2022, shi ya sa shugaban makaranta ya fara zama da hedimastocin firamare uku da ke turo mana yara. Waɗanda suka fara darasin safe tun daga JSS1 kuwa sai 2027 za su zana.